Faifan Mai Nema: Cat Stevens da Darajar Tambaya

A watan Nuwamba na 1970 kamfanin Island da ke Landan ya fitar da wani faifan garmaho mai suna Tea for the Tillerman, waƙoƙi 11 waɗanda duka-duka ba su cika minti 40 ba. Mai waƙoƙin saurayi ne ɗan shekara 22. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Steven Demetre Georgiou, mahaifinsa Bagirke ne daga tsibirin Saifurus, mahaifiyarsa 'yar Suwidin, amma duniya da Cat Stevens ta san shi. Shekara bakwai bayan haka, a Disambar 1977, ya karɓi kalmar shahada a babban masallacin Landan na Regent's Park, daga baya ya koma Yusuf Islam, ba da jimawa ba kuma ya jingine jita. Tun daga nan faifan ya samu masu sauraro iri biyu da ba sa shan inuwa ɗaya. Akwai Turawan da suka girma da shi, waɗanda ke jinsa da takaici, suna ganin addini ya ƙwace musu mawaƙi yana tsakiyar ganiyarsa. Akwai kuma Musulmin da ke jinsa da murmushi, suna cewa ai ga Musuluncin nan tun a lokacin, mutumin ne kawai bai farga ba. Ina ganin ɓangarorin biyu laifi guda suka yi wa faifan, domin kowannensu da abin da ya faru daga baya yake auna shi. Ƙarƙashin wannan saɓani akwai tsohuwar tambaya da ta girmi kiɗan rock nesa ba kusa ba: shin neman gaskiya yana da wata daraja tasa ta kansa, ko kuwa sai an ga inda mai nema ya sauka sannan a yanke masa farashi? Matsayina shi ne nema na tsakani da Allah yana da darajarsa tun kafin samu, kuma wannan faifai hujja ce mai kyau a kan haka.

Kafin a yi gardama a kan faifai dole a san wanda ya yi shi da halin da yake ciki. Stevens ya tashi ne a saman gidan abincin iyayensa da ke titin Shaftesbury, tsakiyar unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta Landan, ya yi makarantar 'yan Katolika, kuma tun yana ɗan shekara 18 ya yi suna da waƙoƙin zamani masu tarin makaɗa, irin su Matthew and Son. Ana cikin wannan tashe tarin fuka ya kwantar da shi a ƙarshen shekarun 1960, ya yi watanni a asibitin King Edward VII da ke Midhurst, sannan ya ɗauki dogon lokaci yana jinya a gida. Yaron da ya saba da ihun 'yan kallo ya wayi gari a ɗakin da ake fitar da gawa. A wannan zaman jinya ya rubuta waƙoƙi da dama, kuma da ya miƙe sai ya watsar da tsohon salonsa. Ya haɗu da Paul Samwell-Smith, tsohon makaɗin ƙungiyar Yardbirds wanda ya koma tsara naɗar sauti, da Alun Davies mai jita, suka rage kayan kiɗan har ya zama kusan jita biyu ne da fiyano da ganguna kaɗan, sai goge irin na Turawa a inda ake bukata. Wannan ragi shi ne abu na farko da kunne ke kamawa. Ana jin ƙarar yatsa a kan tsirkiya, ana jin numfashin mawaƙin kafin ya ɗaga murya. Mutumin da huhunsa ya taɓa gazawa ya yi faifan da numfashi ke fita fili a cikinsa, kuma ba ya ɓoye komai a bayan hayaniya.

Faifan garmaho fuska biyu gare shi, kuma yadda aka jera waƙoƙin magana ce ita ma. Fuskar farko ta buɗe da Where Do the Children Play?, inda mawaƙin ke lissafa abubuwan alfahari na zamaninsa, manyan jiragen sama da titunan kwalta da dogayen benaye, a shekarar da jirgin Boeing 747 ya fara jigilar fasinja tsakanin New York da Landan. Bai ƙaryata amfanin ko ɗaya ba, tambaya ɗaya kawai yake maimaitawa game da wurin da aka bar wa yara. Waƙar ta soma a hankali da jita, ganguna ba sa shigowa sai an yi nisa, muryar kuma tana ƙara kauri har ta kusa tsagewa. Fuskar ta rufe da Miles from Nowhere, wadda a ganina ita ce zuciyar faifan: fiyano mai sanyi, mutum shi kaɗai nesa da kowa, yana ambaton Ubangiji, yana kallon jikinsa kamar abokin tafiyar da wata rana za a rabu da shi. Sai mai sauraro ya tashi ya juya faifai da hannunsa, abin da zai tarar kuwa shi ne But I Might Die Tonight, 'yar waƙa da ba ta kai minti biyu ba, inda matashi ke ƙin shawarar manya ta ya duƙufa ga aiki don ya gaji kujerar maigida, hujjarsa kuma ita ce ajali ba ya jiran a gama tara abin duniya. Duk wanda ya tashi yana jin waƙoƙin wa'azi da ke tsoratarwa game da ruɗin duniya zai gane wannan damuwa nan take. Bambancin shi ne mai wa'azi ya san abin da ke bayan kabari, shi kuwa wannan yaro tsoron yake da shi, sanin bai zo ba tukuna, kuma bai yi ƙaryar ya zo ba.

A nan ne masu cewa Musuluncin yana nan tun farko suke kawo babbar hujjarsu, wato On the Road to Find Out. Waƙar labarin mutum ce da ya bar gida don ya binciki gaskiya da kansa, a ƙarshenta kuma tana kiran mai sauraro ya rabu da zunubi ya ɗauki littafi na kirki. Suna cewa wane littafi ne wannan in ba Alƙur'ani ba? Tarihi bai goyi bayansu ba. Sai a tsakiyar shekarun 1970, bayan igiyar ruwa ta kusa tafiya da shi a gaɓar tekun Malibu ta Kalifoniya, ɗan'uwansa David ya kawo masa fassarar Alƙur'ani bayan wata ziyara da ya kai birnin Ƙudus. A 1970 bai karanta shi ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne waƙar da kanta tana cewa amsar tana cikin mutum, ya leƙa zuciyarsa zai gani, wanda shi ne ra'ayin da ya cika littattafan da matasan Turai ke karantawa a lokacin. Amsar da ya karɓa daga baya kuwa daga waje ta zo masa, saukakkiyar magana ce da wani ya miƙo masa a hannu. To wanda ya ce waƙar annabta musuluntarsa ta yi, ya toshe kunne daga abin da take faɗa. Ya kuma rage wa shiriya girma ba tare da ya sani ba, domin idan mutumin ya riga ya isa tun 1970, me ya rage da Allah zai yi masa a 1977? Girmama shiriya yana bukatar a yarda cewa kafin ta zo ba ta nan. Su ma masu takaicin sun kauce, don mutumin da ya cika faifai da zancen mutuwa da barin gida da neman Ubangiji bai yaudari kowa ba ranar da ya bi maganarsa da ƙafa.

Wani zai ce, to mun ji, nema ne, amma me ya sa mai imani zai ɓata lokacinsa a kan neman wanda bai samu ba? Al'adar ilimin Musulunci ta daɗe da amsa wannan, kuma amsarta ta fi yadda ake zato faɗi. Labarin Salmanul Farisi, kamar yadda ya ba Ibn Abbas da bakinsa, yawancinsa labarin shekarun da bai kai Madina ba ne: yaro mai kula da wutar bauta a ƙasar Farisa, ya gudu Sham, ya bi malaman Kirista ɗaya bayan ɗaya, daga Mausil zuwa Nasibin zuwa Ammuriyya, har aka sayar da shi bawa. Malaman sira ba su yanke wannan ɓangare sun jefar ba, sun adana shi daki-daki. Imam Gazali, wanda ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095 bayan wata damuwa da ta ɗaure masa harshe ta hana shi cin abinci, ya zauna daga baya ya rubuta Al-Munƙiz minad Dalal, ya bayyana shakkunsa filla-filla ba tare da kunya ba. Amma za a iya cewa waɗannan biyu sun isa, shi ya sa aka daraja hanyarsu. Saboda haka hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta Umayya bin Abis Salt, mawaƙin Ɗa'ifa wanda waƙoƙinsa ke cike da zancen kaɗaita Allah da tashin ƙiyama, wanda kuma ya riski Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mutu bai musulunta ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wata rana Manzo ya goya sahabi Sharid a bayan abin hawansa, ya tambaye shi ko ya haddace wani abu daga waƙoƙin Umayya, ya yi ta neman ƙari har sahabin ya kawo baiti ɗari. An saurari mutumin da aka san bai ƙarasa ba, an saurare shi har baiti ɗari, saboda abin da ya faɗa a hanya gaskiya ne gwargwadon inda ya kai. Idan haka ne, darajar Tea for the Tillerman ba ta rataya a kan Disambar 1977 ba. Da Stevens ya nutse a Malibu, da waƙoƙin suna nan da nauyinsu yadda suke.

Akwai suka mai ƙarfi da ba zan raina ba. Ana cewa neman da matasan Turai da Amurka suka yi a wancan zamani neman 'yan gata ne, yawon buɗe ido a kasuwar addinai, yau Buda, gobe taurari, jibi lissafin lambobi, a ɗanɗana a tofar. Stevens ma ya leƙa waɗannan duka, kuma a wannan faifai akwai Longer Boats, waƙar da ma'anarta ke yawo ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Na yarda ba kowane mai cewa yana nema ne ke nema ba. Akwai wanda tambaya ta zame masa ado, ba ya son amsa don kada ta ɗora masa nauyi. Amma akwai ma'auni da ake rarrabewa da shi, kuma ma'aunin yana cikin aikin, ba sai an jira ƙarshen rayuwa ba: shin mai tambayar yana ba wa abin da zai iya kayar da shi damar magana? Father and Son ta ci wannan jarrabawa. Asalinta an rubuta ta ne don wani wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Revolussia da bai kai ga fitowa ba, game da ɗan manomi da ke son shiga juyin juya halin Rasha, uban kuma yana hana shi. Stevens shi kaɗai ya rera muryoyin biyu, uban da murya ƙasa-ƙasa mai natsuwa, ɗan da murya sama mai rawa. Matashi ɗan shekara 22 a 1970, lokacin da zagin iyaye ya zama abin yayi a waƙa, yana da kowane dalili na ya mai da uban abin dariya. Bai yi ba. Ya ba shi magana mai taushi da hankali, ta mutumin da ya ga jiya ya ga yau, mai cewa a bi sannu, a yi aure, a zauna. Ɗan kuma bai kawo hujjar da ta rushe ta uban ba, abin da yake da shi kawai shi ne ya san dole ya tafi. Can wajen ƙarshe muryar Alun Davies tana shigowa daga baya, tana amsawa da ɓangaren wanda ba shi ke magana ba, sai ka ji su biyun a lokaci guda, kowa na faɗin tasa, ba wanda ya ji wani. Waƙar ta ƙare ba a sasanta ba. Mai yawon buɗe ido ba ya rubuta irin wannan, domin shi bai san tafiya tana da hasara ba.

Ba na cewa faifan ba shi da aibi. Wild World, wadda ta fi sauran shahara a gidajen rediyo, bankwana ce ga budurwar da za ta tafi, kuma marubuciya Ellen Willis ta yi gaskiya tun a farkon shekarun 1970 da ta nuna cewa a ƙarƙashin lallashin akwai raini, domin mawaƙin yana yi wa mace baliga magana kamar yarinyar da ba ta san dawan garin ba. Abin lura shi ne mutumin da ke roƙon uba ya sake shi ya tafi, shi ne kuma ke tsorata mace da duniya ranar da ita ta tashi tafiya. Wannan gibi ne na gaske a tunaninsa na lokacin, kuma ya dace da abin da nake faɗa: mai nema mutum ne da bai gama gyaruwa ba.

Sai batun da mai karatu Musulmi zai riƙe tun daga layin farko, wato hukuncin kiɗan kansa. Wannan rubutu ba fatawa ba ne, kuma saɓanin sananne ne. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tsananta a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Sahihul Buhari, Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan halasci, Gazali kuma ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u yana rarrabe sauraro gwargwadon halin mai ji da abin da ake faɗa, duk da shi ma ya keɓe wasu kayan kiɗa. Wanda ya bi ra'ayin hani ya bi magabata masu daraja, kuma zai iya karanta baitocin a takarda kamar yadda ake karanta na Umayya, hujjata ba za ta ragu da komai ba ta fuskar ma'ana, ko da yake zai rasa abin da muryoyin nan biyu ke yi wa zuciya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda mai faifan da kansa ya ɗauki tambayar. Ya yi wasansa na bankwana a Wembley a 1979, ya yi gwanjon kayan kiɗansa ya ba da kuɗin sadaka, ya kafa makarantar firamare ta Islamia a Landan a 1983, kuma da ya koma ɗakin naɗar sauti a shekarun 1990, murya da ganga kawai ya yarda da su. Sai a 2006 ya fitar da An Other Cup da jita a hannunsa, bayan ya sake nazarin maganganun malamai ya gamsu da wani ra'ayin. Ana iya saɓa masa a matakin farko ko a na biyu. Amma mutumin da ya ajiye sana'ar da ta yi masa suna da arziki sama da shekara 25 saboda yana shakkar halascinta ya nuna cewa tambayoyin 1970 ba na ado ba ne, halinsa ne, kuma halin bai canza ba da ya canza suna.

Suka ta ƙarshe ita ce ta masu cewa tambaya kamar tsani ce, in an hau soro an gama da ita. A ganinsu ko an yarda nema yana da daraja, darajar ta ƙare ranar da aka samu, don haka faifan ya zama tsohon tarihi ga mai shi da duk wanda ya riga ya yi imani. Wannan ra'ayi ya ɗauka imani wuri ne da ake isa a zauna, alhali mai salla yana roƙon a shiryar da shi hanya madaidaiciya aƙalla sau 17 kowace rana a cikin Fatiha, kuma ba wanda ya ce roƙon ya zama na banza don ya riga ya musulunta. Wanda aka haifa cikin addini ma ya fi kowa bukatar jin muryar mai nema, domin shi amsa ya gada tun bai san tambayar ba, kuma amsar da ba a san tambayarta ba tana saurin zama al'ada kawai. Jin yaro ɗan Landan yana fama da tsoron mutuwa ba tare da kalmomin da muka saba da su ba yana iya farkar da mutum ga nauyin kalmomin da yake furtawa kullum da rabin hankali. Yusuf da kansa bai ɗauki faifan a matsayin abin da aka wuce ba. A 2020, da faifan ya cika shekara 50, ya fitar da sabon naɗin waƙoƙin 11 gaba ɗaya da ya yi tare da Samwell-Smith da Davies, ya sauya wa wasu kiɗa sosai, har On the Road to Find Out ta koma da wani salo mai nauyi da ke tuna wa kunne jitar Buzayen Sahara. A Father and Son kuwa ya rera ɓangaren uban da muryarsa ta dattijo, ɓangaren ɗan kuma aka ɗauko shi daga wani wasa da ya yi a gidan Troubadour na Los Angeles a 1970. Yana da ikon ya gyara wa yaron magana, ya sa masa amsar da ya samu daga baya a baki, ko ya ƙara baiti guda da zai sasanta su. Ya bar muryar yadda aka naɗe ta, da rawarta da gaggawarta, ya ɗauki ɓangaren wanda ake yi wa gardama.